Yaron da ake cewa ya gagara tun bai kai shekara biyar ba

Ranar sunan wata 'yar uwarmu ne, gida ya cika maƙil da mata ana ta rabon waina da zoɓo, sai ɗan ƙanwata, lokacin yana da shekara huɗu da 'yan watanni, ya ce shi lemon kwalba yake so. Aka ce ya ƙare. Shi ke nan fa. Ya zube a tsakar gida yana birgima, ya kifar da kular miya, ya gantsara wa yarinyar da ta zo ɗaga shi cizo, ya dinga buga kai da gini har goshinsa ya yi ƙulu. Uwar ta zaro wayar caja ta zuba mishi biyu masu kyau, kukan ya ƙara sama. An fi minti arba'in ana abu ɗaya. Kuma kun san taron mata, kowa da fatawarta, wata ta ce tabara ce, wata ta ce goyon kaka ne ai, wata ta ce wannan ba lafiya ba a kai shi a yi mishi ruƙiya, wata kuwa cewa tai da ɗanta ne da tuni ta zane shi ya dawo hayyacinsa, kamar ba a gabanta aka zane shin ba. Can na iske ƙanwar tawa a bayan kicin tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce min Yaya wallahi yadda na goyi yayyensa haka na goye shi, ni ban san inda na kuskure ba.

Wannan maganar tata ce ta tsaya min. 'Ya'ya uku ta haifa kafin shi, duk unguwa ana yabon natsuwarsu, uwa ɗaya uba ɗaya tukunya ɗaya. In rashin tarbiyya ne kawai to ya aka yi ta iya da uku ta kasa da na huɗu?

Kafin a yi nisa, ba kowace rigima ba ce matsala. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da ke birgima in an hana shi abu, wannan aikinsa yake yi, yana da so amma ba shi da kalmomi kuma ba shi da haƙuri, yawanci cikin 'yan mintoci ya huce, kuma abin na raguwa da kansa wajen shekara huɗu zuwa biyar. Abin da likitocin yara ke dubawa shi ne yawan abin da tsawonsa da zafinsa, kusan kullum ne ko jefi-jefi, yana ji wa kansa ko wasu ciwo, a gida kawai yake yi ko har makaranta da islamiyya da gidan maƙota, ya kai wata shida ana fama, kuma ya fara raba shi da mutane, an daina barin yara su yi wasa da shi, malamai sun fara aiko da takarda. In abin ya kai nan to ya wuce a ce ƙiriniya ce zai daina.

A 1956 wasu likitoci biyu mata da miji a New York, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bibiyar jarirai sama da 100 tun suna zanin goyo har suka girma. Sun ga kamar kashi 40 cikin 100 masu sauƙin kai ne, barci da ci a kan lokaci, kowa ya ɗauke su su yi dariya, kamar kashi 10 kuma masu wuyar sha'ani ne tun daga haihuwa, kuka da ƙarfi, barci ba tsari, duk sabon abu sai an yi daga. Ni dai ban ga abin da suka gano da kakanninmu ba su sani ba, ai mu muke da ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Inda suka ƙara mana shi ne cewa halin da yaro ya zo da shi ba shi kaɗai ke yanke yadda zai ƙare ba, ya danganta da yadda halin ya haɗu da gidan da ya faɗo. Yaro mai zafi a hannun mai sanyi daban, yaro mai zafi a hannun uwa mai zafi wadda ita ma ba ta yi barci ba ga wanki ga girki ga kishiya na kallo, wannan fetur ne da ashana.

Akwai kuma maganar birki. Sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai bayan goshi shi ke riƙe mutum in zuciya ta ɗebe shi, shi ke cewa dakata, kuma shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya haura shekara 20 yake kammala. A yaran da ke da abin da likitoci ke kira ADHD, wato rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya da rashin zama da yin abu kafin tunani, wani bincike da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa a Amurka a 2007 ya nuna nunar wannan ɓangaren na yin jinkiri da kamar shekara uku. To ka ga ɗan shekara bakwai da birkin ɗan shekara huɗu, jiki ya girma baki ya buɗe, kowa na mishi hisabin ɗan bakwai. Kamar yara 5 cikin 100 ne ke da shi a duniya, ke nan a ajin firamaren gwamnati mai ɗalibai 80 ana iya samun huɗu, kuma duk wanda ya yi firamare ya san su, su ne kullum ke tsallen kwaɗo a bakin ofishin hedimasta. Gado na da ƙarfi sosai a ciki, binciken tagwaye ya nuna ya haura kashi 70. Abin dariya, kakar yaron nan ta wajen uba da ta fi kowa cewa an sangarta shi, ita ce wata rana ta saki baki ta ce ubansa ma sai da aka canza mishi makarantar allo uku.

Sai dai a ƙasarmu kuskure ne a yi saurin liƙa wa yaro sunan da aka gani a Facebook, don abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro a nan suna da yawa kuma wasunsu ana iya maganinsu. Doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Shawarar jarirai da aka tsaya shanya yaro a hantsi har ta yi yawa. Sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya suma ko ya yi ta jijjiga, an bibiyi irin waɗannan yara a Malawi da Yuganda an ga wasu sun warke amma sun dawo da rashin zama da saurin fushi da ba su da shi da. Gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara wajen haƙar zinare, kuma ita ko kaɗan ce a jini ba ta kisa amma tana rage fahimta tana ƙara rashin ji, ga shi ana samunta a wani kwallin da muke rambaɗa wa jarirai da wajen masu fasa tsohon batir. Yaron da kunnensa ke ruwa ko bai ji sosai, za ka yi ta kira ya yi banza da kai ka ce raini ne. Yaron da bakinsa bai buɗe da wuri ba, abin da zai faɗa da baki sai ya faɗa da haƙori. Akwai farfaɗiyar da ba a faɗuwa, yaro ya yi tsuru na 'yan daƙiƙu ya dawo, malami ya ce iskanci ne. Har maganin farfaɗiyar nan mai arha, fenobabiton, sananne ne yana sa wasu yara rawar kai da rigima, in an ga haka likita za a koma wa, ba a tsayar da maganin da ka. Ga mai minshari da baki buɗe saboda tsiron nama a bayan hanci, bai samu barcin kirki ba, shi kuwa yaro in barci bai ishe shi ba ba ya yin laushi kamar babba, haukacewa yake, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci ne ba na wanzami ba. Ga ƙarancin jini, wanda har da yaran nan masu shiɗewa in suna kuka yana da hannu a wasunsu. Otizim ma, da wasu kafafen labarai ke kira galahanga, sau da yawa da irin wannan bori ake fara lura da shi.

Wani kuma tsoro ne. Ƙaramin yaro ba ya cewa ina cikin damuwa, sai dai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ciwon ciki kullum da safe, ko duka da cizo. Yaron da aka tashe shi tsakar dare aka gudu daji saboda 'yan bindiga, ko wanda kullum a gabansa ake dambe, ko wanda aka saki uwarsa ya wayi gari a ɗakin wata, ko ma wanda aka yaye rana ɗaya aka kai gidan kaka ya dawo ya tarar da jariri a cinyar da ya bari.

To amma ko mene ne asalin, akwai wani abu da ke faruwa a cikin gida da ke ƙara wa wutar itace, kuma shi na fi so a gane. Wani masanin halayya, Gerald Patterson, shi da abokan aikinsa a jihar Oregon sun yi shekaru suna shiga gidajen masu irin waɗannan yara suna zama suna rubuta wa ya ce me, wa ya mayar da me. Abin da suka gani kowace uwa za ta gane shi. Kin ce tashi ka yi wanka, ya yi kamar bai ji ba. Kin maimaita sau biyar, murya na hawa. Ya fara ihu. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ki gaji ga tuwo na ƙonewa ki ce je ka don Allah, to ya koyi cewa ihu na korar wanka, gobe da ihun zai fara. Ko kuma ki ɗauko bulala ya tashi da gudu, to ke kin koyi cewa bulala ce kawai ke aiki, shi kuma ya koyi cewa maganar Umma ba ta zama magana sai ta ɗauko bulala, duk abin da ta faɗa kafin nan sanarwa ce. Kowa na horar da kowa ba tare da ya sani ba, ana yin haka sau goma sha a rana, shekara ta zagayo an yi dubbai.

Yaudarar duka ke nan, yana aiki, amma na minti biyar. Da ba ya aiki sam da tuni an bar shi. Yaro ya yi tsit a take, zuciyarki ta samu sauƙi, sai dai bai koyi yadda zai riƙe kansa ba don birkin da babu bulala ba ta sa shi, kuma jiki na sabawa, tsawa ta daina isa sai ranƙwashi, ranƙwashi ya daina sai wayar caja, sai dorina, sai a kira kawu mai hannu ya zo ya yi, in ya kai sha uku an rasa abin yi sai a fara cigiyar gidan mari. Mun ga inda hanyar ke ɓullewa a Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa a Kaduna, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma yawancinsu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu suna neman gyara. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su ga inda duka ya gyara hali a tsawon lokaci ba, abin da suka gani yaran da aka fi duka sun fi faɗa da taurin kai da damuwa. Kuma ba ƙarancin duka ke damunmu ba, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna kusan rabin yaran Najeriya sun sha duka mai tsanani kafin su kai 18.

Na san amsar, mu ma an dake mu ga mu mun zama mutane. Gaskiya ne, ni ma na sha tsumagiya. Amma yawancinmu masu sauƙin kai ne da ko harara ta ishe mu, dukan bai gyara mu ba don ba mu lalace ba tun farko. Waɗanda aka fi jibga a unguwarmu ina sane da inda wasunsu suke yau, kuma ba su ke zuwa su ba da shaida ba. Icen da ake cewa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ai a hankali ake yi ana ɗaurewa ana jira, wanda ya sa ƙarfi lokaci ɗaya karya shi yake. Ko hadisin da ake yawan kafa hujja da shi na salla, cewa ya yi a umarce su suna da bakwai, maganar duka sai a goma, shekara uku cur ana koyarwa, mu kuwa ɗan shekara uku muke zanewa don ya zubar da koko. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma yana yaro ya ce ko tsaki bai taɓa yi mishi ba. Maganar ruƙiya da tofi kuwa ni ban ga faɗansu da asibiti ba, a yi addu'a a kuma je a auna kunne da jini. Inda na tsaya shi ne a turara wa ƙaramin yaro hayaƙi mai shaƙewa ko a dake shi da sunan aljanin ake duka, yaron da tsoro ne ciwonsa an ƙara mishi wani.

Gidan yawa a wannan harka rahama ne kuma jarrabawa ne. Rahama don akwai wanda zai karɓe ki in kin kai maƙura, abin da matar da ke zaune ita kaɗai a bene ba ta da shi. Jarrabawa don Umma ta hana, Hajiya ta kira shi ɗaki ta ba shi, Baba ya dawo ya yi tsawa, Anti ta miƙa mishi waya ya kalli katun don a samu lafiya. Abin da wani lokaci ake samu wani lokaci ba a samu ya fi komai wuyar bari, kamar mai caca ne, tunda jiya a kuka na ashirin aka ba shi to yau zai kai talatin. Sannan ga kunyarmu ta yabo. Muna tsoron baki, muna tsoron kan yaro ya kumbura, in ɗan fari ne ma ko sunansa ba a kamawa. Sai ya zamana yaron nan in ya zauna shiru minti goma ba wanda ya kalle shi, kowa na lallaɓawa kar a tayar da bala'i, amma yana fasa kofi gida duka ya taso kansa. In kai ne wanne za ka riƙa yi?

Shi ya sa abin da aka gwada aka ga yana aiki ga ƙananan yara, iyaye ake koya wa, ba yaron ake sa wa a gaba ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a ƙa'idarta ta 2019 ta ce ɗan shekara huɗu zuwa biyar ko an tabbatar ADHD ne a fara da horar da iyaye kafin a yi zancen ƙwaya, kuma akwai irin wannan tsari da WHO da UNICEF suka gina da jami'o'in Afirka ta Kudu da Ingila musamman don gidajen da ba su da hali. Abubuwan ciki in ka ji sai ka raina. Ƙanwata abin da aka fara sa ta shi ne minti goma kullum ita da shi kaɗai, shi zai zaɓi wasan, ba gyara ba tambaya ba wa'azi, da farko cewa tai wannan ai shirme ne, yaron da ya isa a dake shi za a zauna ana tura motar gwangwani da shi. Sai kuma yabo a take kuma a faɗi abin da ya yi, ka ajiye takalminka a wurinsa, Allah ya yi maka albarka, ka ga wannan ai namu ne ba aro ba, kuma ba mai cewa sa albarka na jawo baki. Umarni kuma a daina jefo shi daga kicin, a zo kusa a dafa kafaɗa a faɗi abu ɗaya gajere a jira. A gaya mishi kafin a canza abu, in an kira la'asar za mu kashe katun. In ya karya doka hukuncin ya zama ƙarami, na yanzu, kuma wanda za a iya cikawa, ba wallahi sai na yanka ka ba, wanda shi ma ya san ƙarya ne. In kuwa borin ya riga ya tashi to ba lokacin nasiha ba ne, kunnen a rufe yake, a kawar da abin da zai ji ciwo, a rage 'yan kallo, a tsaya kusa a yi shiru, magana sai ya sauko.

Abin da ba a cika gaya wa iyaye ba shi ne satin farko abin ƙaruwa yake. Ranar da kika daina biyan kuka da alawa zai ninka kukan ya ga ko injin ne ya lalace, a nan mafi yawa ke sarewa su ce ba ya aiki, kuma a nan ne Hajiya ke fitowa da alawar. Sai da mijin ƙanwata ya zauna da mahaifiyarsa da kansa, don ba maganar da suruka za ta iya faɗa ba ce.

Zancen asibiti kuma, a fara da likitan yara a ba shi labari tun daga ciki da haihuwa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato suna da sashen ƙwaƙwalwa, ga na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, ga Dawanau a Kano. Na san nauyin sunan, ba mai so a gan shi a layin da ake kira na mahaukata da ɗan shekara biyar a hannu, har dokar ƙasar ma sunan mahaukata take ɗauke da shi tun 1958 sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu ƙwarewa a yara kuwa 'yan tsiraru ne, shi ya sa cibiyar da Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa a Jami'ar Ibadan take horar da ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka a kan wannan fanni. Za a sha layi, za a sha dawo wata mai zuwa. Duk da haka ya fi a je kemis a sayo maganin mura mai sa barci a riƙa ɗura wa yaro don a huta, wanda na san ana yi kuma ba a faɗa.

Shi namu an samu jinkirin magana da alamun ADHD, ba a ba shi ƙwaya ba. Likitar ta fi daɗewa a kan uwar ma, tana tambayarta barcinta da cin abincinta da yaushe rabon da ta je gidan wani, ashe ta fi shekara ba ta zuwa biki ko suna don gudun abin da zai yi da abin da za a ce. Wata makarantar kuɗi ta riga ta sallame shi a nazire, wadda yake yanzu malamar ta sa shi a bencin gaba kuma shi ke goge allo da kai rajista ofis don ya samu dalilin tashi.

Yanzu yana da bakwai. Har yau in an je taro sai uwar ta tsuguna a ƙofar gida ta gaya mishi abin da za a tarar da lokacin da za a tafi, kuma har yau akwai ranakun da ba a kwashewa lafiya. Satin da ya wuce suna gidana ƙaninsa ya karya mishi jirgin kwali, na ga kunnuwansa sun yi zafi ya dunƙule hannu, na miƙe zan riƙe ƙaramin, sai ya juyo ya ce Inna raina ya ɓaci sosai, ya fita tsakar gida. Ya dai yi ƙwallo da butar alwalata har ta fashe.